Mayar da gareji ɗakin kwana: toshe ƙofa kaɗai ya wadatar?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Ina da gareji manne da gida, faɗinsa mita 3, tsawonsa mita 6, kuma tun da na sayar da mota babu abin da ke cikinsa sai tarkace. Ina so in mayar da shi ɗakin kwana domin mahaifiyata, wadda hawan bene ya fara yi mata wuya. Maginin da na kira ya ce a toshe ƙofar da bulo, a yi filasta da fenti, shi ke nan, amma hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata in duba kafin a fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan wannan niyya. A ganina babban aikin yana ƙasa ne, domin daɓen gareji galibi ya fi na cikin gida ƙasa, kuma da gangan ake karkata shi wajen ƙofa saboda ruwa ya fita. Sau da yawa ba a shimfiɗa masa ledar da ke tare danshi ba, shi ya sa ake ganin gindin bango yana jiƙewa, fenti yana ɓarewa. A kankare baƙin man da ya shiga simintin, domin tayil ba ya kamawa a kansa, sannan a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba sabon daɓe har ya yi daidai da na gida. Tunda dattijuwa ce za ta zauna, ko ɗan tudun da bai kai taƙi ba yana iya sa ta tuntuɓe. Sai dai a auna tsayin silin tukuna, domin abin da aka ƙara a ƙasa daga sama ake rage shi.

Amsa ta biyu:
Kada a ɗora sabon bangon a kan tsohon daɓe ba tare da an haƙa masa harsashi ba, in ba haka ba zai tsage daidai inda ya haɗu da tsohon gini. Lintar ƙofar kuwa, wato gicciyen da ke saman ƙofa yana ɗauke da bango, a bar ta yadda take, a fitar da babbar taga a ƙarƙashinta, domin ba a gina gareji da tunanin iska ko haske ba.

Amsa ta uku:
Ka fara tuntuɓar hukumar tsara birane, Malam, domin a wurare da yawa sauya amfanin gini yana buƙatar izini. Idan kuma a nan ake ajiye janareta, a nema masa wuri a waje, nesa da sabuwar tagar, saboda hayaƙinsa yana kisa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na watsa ruwa a daɓen ɗazu, kuma duk ya gangara wajen ƙofa kamar yadda aka faɗa.