Wai wannan kifi ne ko macijin teku?

Mai_Tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na ga wani bidiyo da aka ɗauka can ƙasan teku, ko'ina duhu sai fitilar na'urar kawai, sai ga wani dogon abu ya leƙo kai daga cikin kogon dutse bakinsa cike da haƙora, aka rubuta wai conger. Don Allah kifi ne ko maciji? Kuma ya yake rayuwa a irin wannan zurfin?

Ɗan_Kurme:
Wa alaikumus salam. Kifi ne malam, ba ruwansa da maciji. Ka lura da kyau za ka ga fiffike ɗaya dogo ya taso tun daga bayan kansa ya zagaye jela ya dawo ta ƙasan ciki, ga wasu ƙanana biyu kusa da kai, kuma fatarsa sulɓi ce ba ɓawo. Danginsu ana ce musu Congridae, jinsinsu ya haura 100, wasu irin su Bathycongrus a zurfi sosai suke zama. Ka tuna fa duk mita 10 da ka nutsa nauyin ruwa na ƙaruwa daidai da nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, sannan daga mita 1000 hasken rana ba ya isa kwata-kwata, shi ya sa sun fi dogara da sansana wajen farautar ƙananan kifi da ƙaguwa.

Uwar_Biyu:
Ni da na ɗauka gaiwa ce ta teku 😂

Ɗan_Kurme:
Haba Hajiya, ai gaiwa ruwan daɗi take kuma huhu gare ta, wannan kuwa ruwan gishiri.

Tsohon_Ɗalibi:
Ni abin da ya fi ɗaure min kai haihuwarsu ce. Babbansu, wanda ake samu daga Nowe har gaɓar Senegal da Bahar Rum, yakan kai kusan mita 3, amma sau ɗaya tak yake haihuwa a rayuwarsa, in lokaci ya yi sai ya daina cin abinci, haƙora su zube, ƙashi ya yi laushi, ya gangara can zurfi macen ta zuba miliyoyin ƙwai daga nan sai mutuwa. 'Ya'yan kuma in ka gan su ba za ka ce nasa ba ne, faffaɗa ne kamar ganye kuma garau kamar gilashi, haka ruwa zai yi ta yawo da su wata da watanni kafin su rikiɗe.

Mai_Tambaya:
Ikon Allah! To yana cizo?

Tsohon_Ɗalibi:
Sosai ma. Masunta ko sun jawo shi cikin jirgi ba sa kai hannu kusa da bakinsa.