Sabis ya ƙi zama a ƙauyenmu, in jira ko in koma Daura?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Da aka raba mana gadon Baba, saniya da buhu shida na gero suka faɗo mani. Na sayar, Yaya yana ta faɗa wai kiwo ya fi, ni kuwa ba don kiwo na yi difloma ba. Na sayi kwamfuta, firinta, sola da rauta, na buɗe shago a ƙauyenmu gefen Mai'adua: POS da duba sakamakon WAEC da NECO. Rautar tana ɗaure a kan gora saman soro, cikin robar fenti saboda ruwa. Ta nuna 4G, ina fara ɗora hoton yaro ta koma E, wato sabis mai rauni. Wani sa'in sabis ɗin Nijar wayata ke kamawa. Ranar Lahadi kuwa, ranar kasuwa, sai dai haƙuri. An ce 5G na tafe. In jira?

Injiniya: Ƙanena, wace 5G? Tun 2022 ta shigo Najeriya, manyan birane ma ba ta gama da su ba. Kuma ba ta cin dogon zango, sai an kafa turaku kusa-kusa. Wa zai kafa maka su a ƙauye? Ka sayi Starlink. Tun 2023 take aiki a ƙasar nan, daga tauraron ɗan'adam take ɗauka, ba ruwanta da turke.

Hajiya mai atamfa: Kai ka ma samu E. Ni jiya an cire mani kuɗi sau biyu, alat bai shigo ba, mai kaya ya riƙe mani ɗauri uku. Wa zan kama?

Mai tambaya: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Injiniya, kuɗin wata-wata fa? Yara nawa ne ke duba sakamako a shekara?

Injiniya: Ka sayar wa maƙwabta wayifai mana. Ni na san abin nan.

Malamin firamare: Kada ka ƙara zuba kuɗi. Mu a Batsari da aka rufe sabis a 2021 saboda 'yan bindiga, sai mun shigo Katsina muke tura saƙo, kuma ba mu mutu ba. Ka kama shago a Daura, ka riƙa komawa gida da yamma.

Mai tambaya: Malam, Inna ba ta da lafiya, ba zan yini nesa da ita ba. Kuma a Daura masu irin sana'ar sun yi yawa, nan ni kaɗai ne. Ba wai shagon ba ya kawowa ba ne, ƙarfe biyu na dare sabis ɗin lafiya lau yake.

Injiniya: To kwastoma ƙarfe biyu na dare zai zo?

Hajiya mai atamfa: Har yanzu fa kuɗina ba su dawo ba.

Mai tambaya: Bari dai in ƙara wa gorar tsawo in gani. Akwai mai eriya ta hannu da zai sayar?