Wai ina ungulu ta shiga ne?

Baban Hauwa:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na tafi kwata da ƙaramin ɗana mu sayo kayan ciki, a hanya ya dame ni da tambayar ma'anar "ungulu da kan zabo", wai malaminsu ne ya faɗa a aji. Na ce yi haƙuri, yanzu zan nuna maka ungulun ido da ido. Wallahi muka zagaye kwatar nan kaf, ko ɗaya ba mu gani ba, sai shirwa biyu da hankaki. Ni fa ɗan mahauci ne. Aikina na farko a duniya shi ne tsayawa da kara ina korarsu daga kan tumbi, su ja da baya taku biyu, su karkace wuyan nan nasu marar gashi suna harara ta. Da yamma su cika rimin bayan kwata. Rimin ma yanzu babu, shaguna ne a wurin. Ƙaura suka yi, ko ƙarewa?

Na Gidan Iya:
Baban Hauwa, kai ma dai. Ƙazamar tsuntsuwa mai cin mushe ce za ka yi wa kewa? Allah raka taki gona.

Malamin Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Ƙarewa take yi, ɗan'uwa, kuma da hannunmu. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ɓacewa. Babban abin da ke cinye ta a yankinmu shi ne fataucin kai da ƙafafu da ƙwanta don tsubbu. A Gini Bisau, a 2020, sama da 2,000 aka kashe da guba, an sami da yawa an yanke kawunansu. Ga masu zuba maganin ƙwari a mushe don kashe karnuka ko kura, ga sare manyan itatuwan da take sheƙa. Ita kuwa ƙwai ɗaya tak take yi a kakar haihuwa, ina za ta mayar da gurbi?

Na Gidan Iya, cin mushen nan shi ne amfaninta. Cikinta na kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Indiya sun ɗanɗana: maganin diclofenac da ake yi wa shanu ya kashe sama da kashi 90 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulunsu, mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan titi suka yawaita, ga cizon mahaukacin kare. Sai a 2006 suka hana amfani da shi a kan dabbobi. A nan gida Najeriya, ƙungiyar kare muhalli ta NCF na zama da masu maganin gargajiya don su koma amfani da tsirrai maimakon sassan ungulu.

Ɗan Doso:
Malam, kar a yanke ƙauna. Raƙuman dawa na Kure, nan kusa da Yamai, saura 49 suka rage a 1996. Aka hana farautarsu, mutanen ƙauyuka suka fara samun abin kansu wajen raka baƙi masu zuwa kallo, suka haura 600. A 2018 har an ɗebi takwas an kai gandun dajin Gadabeji. Manoma dai na ƙorafi, don suna cinye musu wake.

Baban Hauwa:
Na gode, Malam. Maganarka ta tuna mini wani abu. Shekarun baya akwai mutumin da ke zuwa kwatarmu da buhu, yana ba yara kuɗi su kama masa ungulu da rai. Dariya muka riƙa yi masa, muna cewa ya rasa abin yi da kuɗinsa, har ni ma na taɓa kama masa biyu. Zan sami Sarkin Fawa da maganar ranar Juma'a in Allah ya kai mu. Yaron kuma a waya na nuna masa hotonta.