Neman Sunan da Ya Dace da Ma'aikacin da Ya Kai Rahoton Ɓarna

Malamai da 'yan jarida, kalmar da nake so mu tsayar ita ce wadda ake kira "whistleblower" da Turanci, wato ma'aikacin da ya ga ana cin amana a wurin aikinsa ya kai maganar inda za a ɗauki mataki. Tun watan Disambar 2016, lokacin da ma'aikatar kuɗi ta tarayyar Najeriya ta fito da tsarin ba irin wannan mutum ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, kafafen labaranmu suke ta sauya masa suna: yau mai tsegumi, gobe mai tona asiri, jibi mai kwarmata bayanai, wani lokaci ma mai busa usur, wato fassarar kalmar Turancin kai tsaye.

Busa usur bai cancanci dogon bayani ba, domin Bahaushe idan ya ji shi alƙalin wasan ƙwallo zai tuna.

Tsegumi da tona asiri su ne suka fi damuna. Tsegumi ɗabi'a ce ta mai yi da mutane a bayan idonsu, kuma babu uban da zai so a kira ɗansa da ita. Tona asiri kuwa ya ci karo da abin da muke roƙo dare da rana, tunda addu'armu ita ce Allah Ya rufa mana asiri. A ɗauki akanta a wata ma'aikata wanda yake haɗa takardar albashin wata, ya ga sunaye arba'in da ba su taɓa sa hannu a littafin zuwa aiki ba, kuma kuɗinsu duk asusu ɗaya suke faɗawa. Idan sanarwar gwamnati ta ce masa ana neman masu tsegumi, to an riga an gaya masa yadda abokan aikinsa da surukansa za su dube shi, kuma mai yiwuwa ne ya rufe fayil ɗin ya yi shiru. Masu Turancin ma sun sha wannan matsala, shi ya sa a farkon shekarun 1970 ɗan fafutukar nan na Amurka, Ralph Nader, ya yayata kalmarsu ta yanzu don a daina kiran irin waɗannan mutane da sunayen da ke nufin ɗan rahoto ko maci amanar abokai.

Kwarmata ta fi su tsabta, kuma kunne ya saba da ita tun labarin Edward Snowden, Ba'amurken da ya fitar da takardun sirri na hukumar leƙen asirin ƙasarsa a 2013. Sai dai kwarmato shela ce da babbar murya a bainar jama'a, alhali yawancin dokokin da ƙasashe suka yi sun fi karkata ga kai rahoto a asirce ta hanyar da aka tanada. Dokar Birtaniya ta 1998 ta sauƙaƙa kariya ga wanda ya kai maganar ga shugabanninsa ko hukumar da ke sa ido, amma ta tsaurara sharuɗɗa ga wanda ya garzaya wurin 'yan jarida. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2019 ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya buɗe hanyar karɓar rahoto a cikin gida. Wanda ya sanar da hukumar EFCC mai yaƙi da almundahana batun wani gida a unguwar Ikoyi ta Legas, inda aka tarar da fiye da dala miliyan 43 a watan Afrilun 2017, bai hau mumbari ya yi shela ba. Kiransa mai kwarmato bai faɗi abin da ya yi ba.

Shawarata ita ce mu ce "mai ankararwa", jam'i "masu ankararwa", aikin kuma "ankararwa". Wanda ya ankarar da kai ya nuna maka haɗarin da ba ka lura da shi ba, kuma godiya ake yi masa. Kalmar ba ta yanke wa wanda ake zargi hukunci ba, domin ankararwa tana buƙatar bincike kafin a tabbatar, kuma wannan adalci ne da bai kamata mu yi sakaci da shi ba, ganin cewa inda aka sa lada ba a rasa mai ƙage. 'Yan'uwanmu na Nijar za su ga ta yi daidai da "lanceur d'alerte" na Faransanci, wanda dokar Faransa ta 2016 da ake kira Sapin ta biyu ta fayyace ma'anarsa.

Za a iya cewa kalmar ta yi sanyi, ba ta nuna kasadar da ke cikin aikin ba. Gaskiya ne kasadar babba ce. Babita Deokaran, babbar jami'ar kuɗi a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng a Afirka ta Kudu, harbe ta aka yi a ƙofar gidanta a watan Agustan 2021 bayan ta ja hankali kan wasu kuɗaɗen da ake biya ta asibitin Tembisa, duk da cewa ƙasar tana da dokar kariya tun 2000. Amma abin da ta yi ke nan: ta ga takardun biyan kuɗi da ba su gamsar da ita ba, ta ankarar da na sama da ita. Idan jimla na buƙatar ƙarin haske, sai a ce "mai ankararwa kan almundahana" ko "kan cin hanci".

Saboda haka dokar da Ghana ta yi a 2006 za mu kira ta "dokar masu ankararwa", tsarin Najeriya na 2016 kuma "manufar ankararwa", tunda manufar ma'aikata ce, ba majalisa ce ta zartar da ita ba. Kwarmata mu bar ta ga wanda ya miƙa takardu ga jarida ko ya watsa su a intanet. Ina so in ji daga masu fassarar labarai a Sakkwato da Damagaram ko "ankararwa" tana da wata ma'ana a karin harshensu da za ta hana a yi amfani da ita haka.