Tamoxifen kaɗai ko a haɗa da allura? Ku ba ni shawara

Ɗiyar Aboabo: Salam jama'a. Mamata ce aka samu da sankarar mama, sakamako ya fito wai ER positive (wato ciwon na girma da sinadarin jikin mata, estrojin) kuma HER2 positive. Likita a Gee (asibitin Komfo Anokye, Kumasi) ya ce ƙwayar tamoxifen kaɗai ba za ta isa ba sai an haɗa da kemo da allurar Herceptin duk sati 3 har shekara guda. Yayana na cewa mu tsaya kan ƙwayar tunda ita ce mai sauƙi. Wa ya taɓa shiga wannan?

Baba Asawase: Allah ya ba ta lafiya, ku dage da habbatussauda da zuma.

Maman Biyu: Hmm ni yayata tata triple negative ce, wato irin da tamoxifen da Herceptin ba sa yi wa aiki, ba ƙwaya ba allura sai kemo zalla, mijinta ya hana a yanke nonon wai me zai ce wa dangi, aka kai ta wajen mai magani wata takwas yana shafa mata wani baƙin abu har wajen ya fashe yana wari, zani uku muke sauya mata a rana. Da muka koma asibiti ya riga ya shiga ƙashi. Ko arba'in ba a yi ba ya fara neman aure.

Sista Nas: Allah ya jiƙanta. Ɗiyar Aboabo, tamoxifen hanyar estrojin yake toshewa, shi kuma HER2 ƙwayar halitta ce da in ta yi yawa take ba ciwon wata hanyar girma ko ba estrojin. Shi ya sa ake bugun biyun. Ku tambayi gwajin zuciya kafin allurar.

Alhaji Kejetia: Gwajin nan sidi 600 muka biya.

Maman Biyu: Wane 600 Alhaji? Mu 1,500.

Baba Asawase: Nas ce fa ba likita ba.

Sista Nas: Baba kai zumar taka a wace makaranta ka karanto ta?

Ɗan Trotro: Ni da na ga HER2 na ɗauka lambar mota ce wallahi 😂

Alhaji Kejetia: Masu lasifika a tasha su ne matsalar, kwalba ɗaya wai basir, ciwon suga, sankara, har ƙarfin maza. Kuma rediyo na karɓar tallarsu.

Ɗiyar Aboabo: To allurar fa nawa ce?

Maman Biyu: Wanda ya cuci yayata har yanzu yana nan da lasifikarsa, jiya ma na wuce shi.