Tambaya kan lissafin cinikin Luwiziyana na 1803

Masana tarihi, a taimaka da wannan lissafi, ya ƙi daidaituwa.

Amurka ta sayi Luwiziyana, wata makekiyar ƙasa a tsakiyar Arewacin Amurka, daga Faransa a kan dala miliyan 15, faɗinta murabba'in mil 828,000. Kowane murabba'in mil eka 640 ne, ke nan eka kusan miliyan 530, kowace eka ba ta kai santi 3 ba (santi 100 ne dala ɗaya). Har nan babu gardama.

Ga inda gizo ke saƙa. Dala 11,250,000 kaɗai ta tafi wa Faransa, kuma ba tsabar kuɗi ba, takardun lamuni ne masu ruwa kashi 6 cikin 100, ta hannun bankunan Baring na Landan da Hope na Amsterdam. Sauran 3,750,000 basussukan da Amurkawa ke bin Faransa ne gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin biya. Shin kuɗin ruwan ya shiga farashi ko a'a?

Sannan yarjejeniyar ba ta fayyace iyaka ba. Sai 1818 aka ja layin arewa da Birtaniya, 1819 kuma na yamma da Sifaniya. To, adadin 828,000 ɗin nan, bisa wace iyaka aka auna shi?