ArcMap ya ƙi buɗewa a ɗakin kwamfutocinmu, wai babu lasisi

Mai_Taswira:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah a taimaka. Ni nake kula da ɗakin kwamfuta na sashen jogirafi a kwalejinmu, tun da aka dawo hutu ArcMap 10.8, manhajar da muke haɗa taswira da ita, ya daina buɗewa, hoton farko zai fito ya ɗan tsaya sai wani akwati ya faɗo da lambar -15 shikenan ya rufe. Na goge na sake sakawa a kwamfuta biyu, duk ɗaya. Ɗaliban ajin ƙarshe suna da furojet, jiya wata ta zauna da filashinta a hannu har la'asar ba ta yi komai ba, abin ya tsaya min a rai wallahi.

Injiniya_Saba:
Wa alaikumus salam Malam. Daina gogewa, manhajar lafiyarta lau. Wannan -15 ɗin ma'anarsa kwamfutar ta nemi saba, wato babbar kwamfutar da ke raba lasisi, ba ta same ta ba. Buɗe ArcGIS Administrator ka duba sunan da aka rubuta a wajen License Manager, sannan ka tambayi ƴan IT ɗinku ko sun canza saba lokacin hutu, don galibi nan gizo ke saƙa. In sunan daidai ne to fayawol ne, wato katangar tsaron da ke tare hanyar sadarwa, a buɗe fot (ƙofofin sadarwa) 27000 zuwa 27009, kuma akwai fot na biyu da yake canzawa da kansa duk sanda aka kunna sabar sai an kafe shi a cikin fayil ɗin service.txt da ke kan sabar, wannan shi mutane suka fi mantawa.

Mai_Taswira:
Allah Ya saka da alheri Injiniya, ashe kuwa sun canza, tsohon suna ne a ciki. Na gyara ya buɗe. Amma yanzu in yara suka cika ɗakin na ƙarshe-ƙarshe ba sa samu.

Hajiya_GIS:
Malam wannan kuma lasisin ne suka ƙare, irin naku na karɓa-karɓa ne, adadin da makaranta ta saya shi ne adadin da za su buɗe lokaci ɗaya. Ka sa a duba a sabar wa ke riƙe da su, sau da yawa malamai ne suka ara a laftof suka tafi da shi gida, ba zai dawo ba sai sun mayar ko wa'adin aron ya cika. Wasu kuma barin ArcMap suke a buɗe su fita.

Sannan ku fara maganar komawa ArcGIS Pro, manhajar da ta gaji ArcMap, da shugaban sashe, don 10.8.2 ne na ƙarshe a ArcMap. Masu furojet ɗin da suka rasa wuri ka saka musu QGIS yau ɗin nan, shi ma na haɗa taswira ne, kyauta ne kuma yana buɗe shapefile ɗinsu, wato fayilolin taswirarsu, yadda suke.